Kawu da Takardar Katanga

Ina Gusau labarin ya same ni. Wani direban motar gyaɗa, ɗan garinmu, shi ya tare ni a tasha ya ce in yi haƙuri. Kafin in iso Batsari an riga an kai Kawu makwancinsa, zaman makoki kawai na tarar. Daga Allah muke, wurinSa za mu koma, Kawu dai ya riga mu ne.

An ce mini da aka dawo daga maƙabarta sai da aka yi 'yar gardama. Mutumin da ya tsufa yana mai unguwa, wanda fatake da masu koren shanu suka sha kwana a zaurensa, ya rasu ba shi da zauren da za a zauna a karɓi gaisuwarsa. Sarkin fawa ya ce a zauna a nasa, ya fi faɗi. Liman ya ce a ƙofar masallaci. Marini, abokin Kawu tun suna yara, ya miƙe. Ya shiga gida ya kwaso tabarmi ya shimfiɗa a nasa zauren, ya zauna bakin ƙofa yana irin kukan nan na tsofaffi, ba ka jin sauti sai dai ka ga gemu ya jiƙe. Nan kowa ya bi shi.

Ina zaune wani Bafillace ya iso daga wajen Babban Duhu, ya jingine sandarsa, aka yi addu'a aka shafa. Sai ya ce, "Yanzu wa zai riƙa ce mini saniyar za ta tashi?" Wai duk sanda dabbarsa ta kwanta ciwo, in ya shigo kasuwa ya gaya wa Kawu, amsar guda ce: za ta tashi, in Allah Ya yarda.

Sarkin fawa ya ce, "To, suna tashin?"

Ya ce, "Wasu sun tashi. Sauran kai ka saye su."

Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi a wurin makoki a yi maza a haɗiye.

Babban ɗan Kawu, taubashina, ya fito daga cikin gida ya gan ni. Ya ce, "Ɗan yawon duniya, sai da aka gama aikin ka zo cin tuwon sadaka?" Na buɗe baki in rama kamar yadda muka saba, sai ya kama rigata da hannu biyu ya kifa kansa a kafaɗata. Ban rama ba har yau.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ina rubuta wannan ne don yaran unguwarmu su san wane irin mutum aka yi a cikinsu, tun kafin mu da muka san shi mu ma mu bi bayansa.

Na yi yawo daidai gwargwado, na ga Ikko, na ga Kumasi, na zauna da mutane iri-iri, ban ga mai tsare bakinsa kamar Kawu ba. Mugun abu ba ya fitowa daga bakinsa, ko da wasa. Maciji a wurinsa igiyar ƙasa ne, ko da rana tsaka. In an ce wane ba shi da lafiya, sai ya ce yana samun sauƙi, ko da bai gan shi ba. In ka ce masa hadarin nan kamar na ɓarna ne, sai ya ɗaga maka yatsa: "Hwaɗi alheri, yaro. Abu yana nesa ka kira sunanshi, ai sai ya ji ya taho." Koramar da ta bi ta bayan unguwarmu kuwa, maƙwabciya yake ce mata.

Ita maƙwabciyar tana da ci. Muna yara, tsakanin katangar bayan gidan Kawu da gaɓa akwai lambun kuɓewa da wata tsamiya da muke hawa. Duk sanda na dawo daga tafiya sai in tarar wani abu ya ragu. Lambun ya fara tafiya, sai tsamiyar, sai rumbu guda. Gidan Kawu ne na farko a bakin gaɓa, na Marini na biye da shi, sauran gidajen suna jere a bayansu. In na ce, "Kawu, ina tsamiya?" sai ya ce, "Maƙwabciya ta ara."

Bayan an gama yaƙin Turawa aka yi shela cewa En'e, wato hukumar gargajiya, ta ware taimako don kare garuruwa daga ɓarnar ruwa da gobara. Unguwar da ta cika sharaɗi za a kawo mata siminti da magina a yi mata katangar dutse. Ina gida a lokacin. Wani malamin En'e ya zo a kan keke daga Katsina, saurayi mai ladabi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya gaida Kawu. Ya yi bayanin sharuɗɗan. Za a zana taswirar wurin. Dagaci da hakimi za su buga hatimi. Kowane mai gida zai dangwala yatsa. Amma kafin duk wannan, mai unguwa zai faɗi da bakinsa ɓarnar da ake tsoro, ya ambaci gidajen da ruwa zai ci, ɗaya bayan ɗaya, a rubuta.

Malamin ya gyara alƙalami ya ce, "To Baba, wane gida ruwan zai fara ci?"

Kawu ya ce, "Subhanallahi! Hwaɗi alheri, yaro."

"Baba, ba ni ke tambaya ba, takarda ce. Gwamnati ba ta ba da siminti sai an nuna mata abin da ake gudu."

"Ita gwamnatin haka ake yi garinsu? Mutum na zaune lahiya lau da iyalinshi, ka ɗauki alƙalami ka ce gidanshi zai rushe?"

Na sa baki na ce, "Kawu, ko a Ikko haka ake yi, ba wanda ke ɗaukarsa mugun fata."

Ya dube ni ya ce, "Kai ka ga Ikko. Ni mutanen ga za ni gani masallaci gobe da asuba."

Gaskiyarsa kuwa. A wurinmu, in ka ce gidan mutum zai faɗi kuma ya faɗi, ba wanda zai ce ruwa ne. Bakinka za a ce. Jikokinka ma sai an nuna su da shi.

Kawu ya yi ta jan carbi, malamin yana jira. Can ya ce, "Rubuta nawa."

"Sai na wa kuma, Baba?"

"Nawa dai. Shi kaɗai nike da iko da shi."

Takardar ta tafi Katsina ta dawo. Aka ce gida ɗaya ba unguwa ba ne.

Shekara ta zagayo, Kawu ya sake dabara. Ya bi gida-gida yana sallama, ya zauna a gaisa, a tambayi iyali da dabbobi da gona, sannan ya ce, "Roƙo na zo yi. Akwai maganar da ba ni iya hwaɗa maka, ina so kai ka hwaɗe ta a kan naka gidan." Wasu suka yarda nan take, wasu sai da ya koma ya sake komawa. Da ya zo kan Marini kuwa, a nan aka yi faɗan da unguwa ba ta manta ba.

A bakin karofi, inda yake rini, ya same shi, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Marini ya saurara har ya gama, sannan ya ɗaga babban yatsansa.

"Ka ga wanga? Sau guda na taɓa dangwala shi, lokacin ɗiban gwamna, da ake kwasar mutane aikin dole. Kai ka kama mani hannu ka aza bisa takarda, ka ce ba komi, wata kaɗan ne yaron zai dawo. Aka tahi da ɗana Jos haƙar kuza. Ina shi?"

Kowa ya san yaron a can sanyi ya kama shi, a can aka binne shi, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana a gidan tsohon.

Marini ya ce, "Gara ruwa ya ci gidan. Shi ruwa na san Mai shi."

Daga ranar suka daina magana. A masallaci kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa kamar kullum, in an sallame kowa ya juya nasa gefen. Amma da damina ta faɗi, aka ga gonar Marini ta sha ciyawa don ba mai taya shi, Kawu ya kira gayya ba tare da ya gaya masa ba. Shi ya shiga gaba da fartanya. Marini ya zo ya tsaya a kan iyaka yana kallo, ya juya ya tafi, sai ga ƙwaryar fura an aiko, aka ce ta masu aiki ce, ban da mai unguwa. Kawu ya ce ai shi yau ba mai unguwa ba ne, ɗan gayya ne, ya sa ludayi.

Takardar ta sake tafiya ba yatsan Marini, ta sake dawowa. Wata shekarar kuma taswirar aka ce ba a yi mata awo ba. Haka aka yi ta kai da kawo, gaɓa tana matsowa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. An kwana biyu ana ruwa. Da hantsi Kawu ya leƙa bayan gida, ya dawo ya ce wa matarsa, wadda muke kira Inna, "Kin kwana biyu ba ki gaida 'yar'uwarki ba. Tahi ki gaishe ta."

Inna ta ce, "Cikin ruwan ga?"

"Eh. Ki tahi da awakin, su ma su gaishe ta. Da tukwanenki."

Inna ta dube shi, ta gane, ta fara haɗa kaya. Bayan azahar ɗakin baya ya zame ya shiga korama. Kafin la'asar zauren ya tsage, ya yi kamar yana tunani, sannan ya bi shi. Ba a rasa rai ba, ko kaza.

Ba a jima ba magana ta fara yawo a bakin rijiya: ai shi ya rubuta, ga shi ya faɗi. Da ta iso kunnen Kawu, abin da ya ce kawai shi ne, "Alhamdu lillahi da nawa na rubuta."

Taubashina masinja ne a Safana, yana zaune a gidajen En'e. Can ya kwashe iyayensa ya kai. Na ziyarce su a can. Ɗakuna ne a jere, kowace ƙofa da lambarta, ba zaure, ba rumbu, ba inda za ka ɗaure akuya sai an yi ƙara. Kawu yakan shimfiɗa tabarma a gindin bango yana gaida masu wucewa, su amsa a tsaye don ba su san ko wane ne ba. Maganar haya kuwa ta ƙi shiga kansa. Ya ce mini, "Kai da ka yi yawo, gaya mani. Kowane wata a sayi ɗaki, kuma har abada ɗakin bai zama naka ba?" Na ce haka ake yi a birane. Ya ce, "Allah Ya ba su nasu."

Suna nan aka turo malamai daga Katsina su binciki hayar gidajen, a ga ko abin da ake yanka a albashin ma'aikata ya yi daidai da ɗakunan. Taubashina ne ya ba ni labarin. Suka auna tsawo da faɗi da igiyar awo, suka duba taga, suka tambayi abin da ake biya a cikin gari. Babbansu ya ce, "Rufin yana yoyo?"

Kawu ya ce, "Yakan ɗan sanyaya mu dai."

Inna ta ɗaga murya daga cikin ɗaki: "Yoyo yake kamar kwando! Rubuta, ɗana, kar ka biye mashi!"

Suka yi dariya suka rubuta. Sai aka zo kan masu kwana a gidan. A ƙa'ida ɗakin na ma'aikaci ne da matarsa da 'ya'yansa. In an samu wani yana zaune dindindin, ana iya cewa ma'aikacin ya ba da haya a cikin haya, a karɓe ɗakin. Takardar ba ta da gurbin uba. Malamin ya ce, "Baba, kai fa, mene ne kai a gidan nan?"

Taubashina ya fara cewa, "Mahaifi..."

Kawu ya tare shi. "Baƙo ne ni, yaro. Wucewa nike."

Malamin ya san gaskiya. Ya sunkuyar da kai ya rubuta, ya ce, "Allah Ya huta gajiya, Baba." Taubashina ya ce mini ya zagaya bayan ɗakunan ya tsaya har suka tafi, don kada a ga fuskarsa.

Ana cikin haka wata rana da rani sai ga Marini a kan jaki, ya taso tun daga Batsari. Ruwan bara ya cinye masa karofi, ya tsaya a gindin katangar ɗakin da marayun jikokinsa ke kwana. Ya sauka ya tsaya a kan Kawu, ko sallamar kirki bai yi ba.

Kawu ya ce, "Gaisuwa ka zo ko hwaɗa?"

"Yatsa na kawo. Ina takardar taka?"

"Wannan karon ba ni kama maka hannu."

"Wa ya ce ka kama? Matsa mani in zamna, ƙugu na ciwo."

Suka zauna a tabarma ɗaya har rana ta yi sanyi, suna zagin juna a kan wanda ya fi tsufa.

Takardar ta tafi cikakkiya. Da ta dawo an yarda, saura sharaɗi guda. Dole mai unguwar da ya nemi taimakon ya kasance yana zaune a gidansa a cikin unguwar, kuma malamin ayyuka zai zo ya gani da idonsa, ba a sa rana ba. Aka ce to a naɗa wani mai unguwar mana. Dagaci ya ce in an canza suna, takarda za ta koma farko, a sake bin gida-gida. Gidan Marini kuwa ba zai kai wata daminar ba bayan wannan.

Kawu ya ce zai koma. Taubashina ya ce ba inda za shi, ga hadari ya fara haɗuwa, ga tsufa. Suka yi ta ja har ya ɗaga wa ubansa murya, abin da bai taɓa yi ba. Kawu ya bari ya gama, ya ce, "Ka gama? To ɗauko mani buta da buzu."

A ɗan abin da ya rage na tsakar gidansa aka kafa masa bukka ta zana da ciyawa. Marini ya ce ya shigo gidansa ya kwana, in malamin ya zo sai ya fito. Kawu ya ce, "Takarda gidana ta ce. Kuma in na kwana naka, baƙo ne ni. Na gaji da baƙunta." Inna ta biyo shi da tukwanenta. Da aka ce ita ta zauna Safana, sai ta ce, "Wa zai dama mashi kunu, takardar?"

Daminar nan kaf a bukkar suka yi ta. Ƙasa jiƙe, tabarma jiƙe. Ba ya zuwa gona mai nisa, ba ya zuwa kasuwar wani gari, kada malamin ya zo ba ya nan. Na biyo ta gida wajen kaka na tarar yana tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Na ce, "Kawu, yaya jikin?" Ya ce, "Yana samun sauƙi." Ina nan malamin ya iso, ya leƙa bukkar, ya ga buzu da tukwane da murhu, ya ce, "Nan kake zaune, Baba?" Kawu ya ce, "Nan nike." Ya dangwala yatsa.

Na koma bakin nemana. Sauran labarin a wurin makoki na ji shi.

Da rani jakuna suka fara sauke duwatsu, mota ta kawo siminti. Malamin ayyuka ya kafa turke a kusurwar gidan Marini, ya ja igiya ta bi bayan sauran gidajen. Taubashina ya ce, "Malam, ka tsallake na babana." Malamin ya ce ya sani, kuma abin bai yi masa daɗi ba, amma an ba da katangar ne don kare gidajen da ke tsaye. Kango da bukka ba su cikin awo. Taubashina ya ce, "Bukkar da kuka ce ya zauna a ciki?" Malamin ya ci gaba da jan igiyarsa.

Marini ya taso zai tumɓuke turken. Kawu yana kwance a tabarma a ƙofar bukka, ya ɗaga hannu. "Bar shi inda yake. In ka taɓa shi takarda ta koma Katsina."

Daga nan yake kallon magina kullum, yana yi musu sannu da aiki, yana sa Inna ta kai musu ruwa. Ya ga an ɗora dutsen ƙarshe. Bai ga ruwan farko ba.

Ranar da zan koma na je yi wa Inna sallama. A bukkar take takaba, ta ce a gidan mijinta za ta yi, kuma ba shi da wani gidan sai wannan. Gabas ta fara yin duhu da yamma. Na tarar da Marini da sarkin fawa da wasu magidanta suna kwaso ragowar duwatsun da magina suka bari, suna jerawa a bakin gaɓa gaban bukkar, suna liƙewa da laka. Ba siminti, ba awo. Kowa ya san ruwa mai ƙarfi ɗaya ya ishe ta.

Inna ta yi magana daga bayan zana. "Ku bar wahalar da kanku. Wa kuke karewa? Kwanakina na cika tashi za ni."

Marini bai ɗago ba, yana gyara zaman wani dutse da shuɗin hannuwansa. Ya ce, "Mun sani. Har su cika dai."

Na tuɓe rigata na shiga layi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba shi gidan da ba ya rushewa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.